Kusan, Kimanin da Wajen: Yadda Sifaniyanci Ke Yin Ƙiyasi da Aikatau

GABATARWA

Idan kaka ta yi, duk wanda ya bi hanyar Kanya Babba zuwa Babura, ko ya ratsa ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa, zai ga jan zoɓo a kan iyakokin gonaki, ko kuma an ɓare shi an shanya a ƙofar gida. Manomi ya san dillalin da ke saye a hannunsa, ya kuma san cewa daga kasuwa Kano ake kai shi, daga Kano sai bakin teku a Legas. Amma ba kowa ne ya san inda tafiyar ke ƙarewa ba. Ƙasar da ta fi kowace sayen busasshen zoɓon Nijeriya ita ce Meziko, can ƙetaren tekun Atalantika, inda suke kiransa "flor de Jamaica", su jiƙa shi su sa sukari su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Harshen mutanen wannan ƙasa shi ne Sifaniyanci.

Ciniki ba ya yiwuwa sai da lissafi, lissafin ciniki kuwa rabinsa ƙiyasi ne: buhu zai kai kilo kaza, mota za ta iso wajen ƙarfe kaza, kuɗin dako kusan kaza ne. Haka abin yake a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ɗalibin da ya auna tsawon waya da ma'auni, da wanda ya dube ta da ido ya ce za ta yi kamu uku, da wanda bai ma gan ta ba ya yi zato, dukkansu lamba za su faɗa, amma darajar lambobin nan uku ba ɗaya ba ce. Kowane harshe yana da alamomin da yake nuna wa mai sauraro ko awo aka yi, ko ƙiyasi, ko zato. Wanda ya haddace lambobin wani harshe bai koyi waɗannan alamomi ba, yana iya ɗaukar ƙiyasi a matsayin alkawari, ko ya ɗauki sharaɗi a matsayin zato, kuma ta nan asara da jayayya suke shigowa.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai da malamai yadda Sifaniyanci yake yin ƙiyasi, musamman ta hanyar haɗa aikatau biyu. Za mu riƙa kwatanta kowane misali da Hausa, domin kamar yadda mai karatu zai gani, Bahaushe ya riga ya san yawancin waɗannan dabaru tun daga gida.

ME YA HAƊA MU DA SIFANIYANCI?

Mutane kimanin miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a bakinsu, wato in an cire Sinancin Mandarin babu harshen da ya fi shi yawan 'ya'ya. Shi ne harshen hukuma a Sifaniya da yawancin ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. A Afirka ma yana da gida, wato Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifaniya ranar 12 ga Oktoba, 1968. Tsibirinta na Biyoko, wanda a da ake kira Fernando Po, yana kusa da gaɓar tekun Nijeriya da Kamaru, kuma Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe da zama a biranen Malabo da Bata. Matasanmu kuwa sun saba jin harshen a gidajen kallon ƙwallo duk ranar da Real Madrid ko Barcelona suke wasa.

Akwai wata alaƙar da ta girmi waɗannan duka. Daga shekarar 711, lokacin da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara da rundunarsa, har zuwa faɗuwar birnin Garnada a 1492, akwai daulolin Musulmi a ƙasar da Larabawa suke kira Andalus. A Garnada aka haifi Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus. Littafinsa na bayanin Afirka, da aka buga a birnin Benis a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Wannan dogon zama ya bar dubban kalmomin Larabci a cikin Sifaniyanci, kuma wasunsu Hausa ma ta aro su daga tushe guda:

alcalde: alƙali. Sai dai a yau ma'anarta magajin gari, mai shari'a kuwa "juez" ake ce masa.
azúcar: sukari.
aceituna: zaitun.
hasta: hatta, ko har.
arroba: rubu'i. Tsohon ma'auni ne mai nauyin kimanin kilo 11.5, kuma shi ne sunan alamar @ ta adireshin intanet.
ojalá: Allah ya sa. Asalinta "in Allah ya so".

Kafin mu shiga misalai, ga taƙaitaccen bayani kan furuci. Harafin "v" kamar "b" ake faɗarsa, saboda haka "viene" biyene ne. Ba a furta "h" ko kaɗan. Harafin "j" kamar "h" mai kauri yake fita, "ñ" kamar "ny", "ll" kuma a bakin yawancin masu harshen kamar "y".

MENE NE TAGWAYEN AIKATAU?

Masana nahawun Sifaniyanci suna da abin da suke kira "perífrasis verbal". A nan za mu kira shi tagwayen aikatau, wato aikatau biyu da suka haɗu suna aikin guda. Na farko shi ne mataimaki: shi ke ɗauke da lokaci da wanda ya yi aikin, amma ya saki ma'anarsa ta asali, ko duka ko wani sashe nata. Na biyu shi ne jigo: shi ke ɗauke da ainihin aikin da ake magana a kai, kuma siffarsa ba ta canzawa. Sau da yawa akan sami ƙaramar kalma kamar "a" ko "de" a tsakaninsu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Hausa. Idan aka ce "Audu ya taɓa zuwa Maraɗi", babu abin da Audu ya sa hannu ya taɓa. Idan aka ce "tulun ya tashi faɗuwa", tulu bai miƙe tsaye ba. Kalmomin "taɓa" da "tashi" sun bar ma'anarsu ta yau da kullum sun koma 'yan rakiya. Haka "fara", "gama", "riƙa", "dinga" da "kusa" suke yi.

A Sifaniyanci jigo yakan zo da ɗaya daga cikin siffofi uku. Biyu ne suka shafe mu a wannan darasi. Ta farko ita ce tushen aikatau, wadda ake samu a ƙamus, mai ƙarewa da -ar ko -er ko -ir, kamar "pesar" (yin nauyi), "ser" (kasancewa), "medir" (aunawa). Ta biyu ita ce mai ƙarewa da -ando ko -iendo, mai nuna aiki yana cikin gudana, kamar "subiendo" (ana hawa).

1. VENIR A: ƘIYASI

Ma'anar "venir" ita ce zuwa. Ga yadda yake sauyawa a lokaci mai ci: vengo (ni), vienes (kai ko ke), viene (shi ko ita), venimos (mu), venís (ku), vienen (su). A Meziko da sauran ƙasashen Amurka ba a amfani da "venís" in ana nufin "ku", sai a ce "ustedes vienen". Dubi waɗannan jimloli:

(a) Musa viene a comprar mijo.
Musa yana zuwa sayen gero.

(b) Un saco de mijo viene a pesar cien kilos.
Buhun gero yakan kai kimanin kilo ɗari.

A jimla ta farko tafiya ce ta gaske: Musa ya taso daga wani wuri da niyyar saye. A ta biyu kuwa buhu bai je ko'ina ba. "Viene a" ta zama alamar ƙiyasi, daidai da "kimanin" ko "wajen". Mai koyo da ya fassara ta kalma bayan kalma zai ce buhu ya zo ya auna kilo ɗari, ya rasa kan maganar. Wanda kuma ya tsallake ta zai ɗauka an ce kilo ɗari cif, ranar da aka ɗora buhu a sikeli aka ga 97 sai ya ce an cuce shi. Ƙarin misalai:

(c) La estación de lluvias viene a durar cuatro meses.
Damina takan yi wajen wata huɗu.

(d) La luz viene a recorrer 300 000 kilómetros por segundo.
Haske yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda.

Ta yaya za a bambance tafiya da ƙiyasi? Ga hanyoyi uku. Da farko, a dubi mai aikin: in abu ne marar rai, kamar buhu ko damina ko farashi, to ba tafiya ake nufi ba. Na biyu, a dubi jigo: ƙiyasi ya fi zuwa da aikatau masu nuna hali ko adadi, irin su ser, costar (cin kuɗi), pesar, medir, durar (daɗewa), tener (mallaka) da significar (nufi). Na uku, a gwada saka sunan wuri a tsakiya. Ana iya cewa "Musa viene al mercado a comprar mijo", wato ya zo kasuwa sayen gero, amma in aka saka kasuwa a tsakiyar jimlar buhu sai ta lalace.

Ba lamba kaɗai ake ƙiyastawa ba, har da magana. "Viene a ser lo mismo" na nufin kusan duk ɗaya ne. Ita kuwa wannan jimla fuska biyu gare ta:

(e) El maestro vino a decir que no habíamos estudiado.

Tana iya nufin malam ya tako ya zo domin ya ce ba mu yi karatu ba. Tana kuma iya nufin abin da maganar malam ta tattara a kai ke nan, ko da ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba. Abin da ya gabata a zancen shi zai raba gardama. Wanda zai ba da shaida ko ya fassara maganar wani, lalle ya kula da wannan, domin akwai bambanci tsakanin "ya ce" da "kamar dai cewa ya yi".

Haka kuma, a shuɗaɗɗen lokaci "venir a" takan nuna ƙarshen al'amari: "Al final vino a saberse la verdad", wato daga ƙarshe dai gaskiya ta fito.

A kula kada a rikita "venir a" da "venir" mai ɗaukar -ando ko -iendo. "El precio viene subiendo desde enero" na nufin farashi yana ta hawa tun daga Janairu har yanzu. Amma da wasu aikatau kaɗan, musamman "ser", wannan siffa ma takan nuna ƙiyasi a maganar yau da kullum, kamar "viene siendo lo mismo", wadda ake yawan ji a ƙasashen Amurka.

2. LLEGAR A: IYAKAR SAMA

Ma'anar "llegar" ita ce isa ko kaiwa. Tun da "zuwa" da "isa" makusanta ne, masu koyo sukan ɗauka "venir a" da "llegar a" abu ɗaya ne. Kwatanta:

(a) En abril la temperatura viene a ser de 40 grados.
A watan Afrilu zafi yakan kasance wajen digiri 40.

(b) En abril la temperatura llega a superar los 40 grados.
A watan Afrilu zafi har yakan wuce digiri 40.

Ta farko tana ba da tsaka-tsaki, ta biyu tana ba da ƙololuwa. Kalmar Hausa da ta dace da "llegar a" ita ce "har". In aka kore ta kuma sai ta zama "bai kai ba": "El saco no llega a pesar cien kilos", wato buhun bai kai kilo ɗari ba. Ɗalibin kimiyya ya san cewa matsakaicin adadi daban, adadi mafi girma daban, kuma wanda ya gina lissafinsa a kan ɗaya alhali ɗayan aka ba shi, sakamakonsa ba zai yi daidai ba.

3. DEBER DA DEBER DE: WAJIBI DA ZATO

A nan ƙaramar kalma guda ce take juya ma'ana:

(a) Amina debe estar en casa.
Wajibi ne Amina ta kasance a gida.

(b) Amina debe de estar en casa.
Da alama Amina tana gida.

Ta farko umurni ce ko sharaɗi. Ta biyu zato ce da aka gina a kan wata alama, alal misali an ga takalmanta a bakin ƙofa. Da lamba kuwa sai ta zama ƙiyasin wanda bai auna ba: "Debe de pesar cien kilos", wato ina jin zai kai kilo ɗari.

Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta yi bayanin wannan a ƙamusunta na warware shakku da ta fitar a 2005 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe. Taƙaitaccen hukuncin shi ne: ana iya yar da "de" a wajen zato, kuma masu ilimi da yawa suna yin haka, amma ba a son a saka "de" a wajen wajibi. Saboda haka in ka ga "debe de" a rubutu mai kyau, zato ne. In ka ga "debe" ita kaɗai, sai ka duba sauran zancen. Shawararmu ga mai koyo ita ce ya riƙe bambancin a nasa rubutun, don kada ya bar mai karatu cikin shakka.

Daɗin daɗawa, mutanen Meziko suna yawan amfani da "haber de" wajen zato. "Ha de estar enfermo" a bakinsu na nufin wataƙila ba shi da lafiya, alhali a Sifaniya "haber de" ta fi nuna wajibi, kuma a rubutu aka fi ganinta.

4. LOKACI MAI ZUWA A MATSAYIN ZATO

Wannan ba tagwayen aikatau ba ne, amma aikinsu ɗaya, kuma a nan ne Hausa da Sifaniyanci suka fi kama da juna. In aka tambayi Bahaushe shekarun wani dattijo, sai ya ce "zai yi shekara saba'in". Ba yana nufin sai nan gaba dattijon zai cika saba'in ba, ƙiyasi yake yi na yanzu, amma da siffar lokaci mai zuwa. Haka Basifaniye yake yi:

(a) Tendrá setenta años.
Zai yi shekara saba'in.

(b) ¿Qué hora es? Serán las cuatro.
Ƙarfe nawa? Zai kai ƙarfe huɗu.

In zaton ya shafi abin da ya wuce, sai a yi amfani da siffa mai ƙarewa da -ría: "Serían las cuatro cuando llegó", wato zai kai ƙarfe huɗu lokacin da ya iso. Wanda ya duba agogo "son las cuatro" zai ce. Wanda ya dubi inuwa kuwa "serán las cuatro" zai ce.

Akwai kuma aikatau biyu da suke ƙiyasi kai tsaye da lamba, ba tare da jigo ba. "Andar" tafiya ce, "rondar" kewaya ce. "Anda por los cuarenta" da "ronda los cuarenta" duk suna nufin shekarunsa suna wajen arba'in.

5. SAURA KAƊAN

Wani nau'in kusanci shi ne na aikin da ya kusa faruwa. Tagwayen da ke nuna shi su ne "estar a punto de":

(a) El camión está a punto de salir.
Motar tana gab da tashi.

(b) Estuve a punto de caerme.
Saura kaɗan in faɗi.

Ana kuma cewa "por poco me caigo" ko "casi me caigo". Abin lura a nan shi ne aikatau yana cikin lokaci mai ci, alhali abin ya riga ya wuce, kuma ba a faɗin ba. Hausa ma ba ta cewa "saura kaɗan na faɗi jiya" da nufin an faɗi. "Saura kaɗan in faɗi" take cewa, kowa kuma ya san mai maganar ya tsira.

6. ƘANANAN KALMOMI DA INDA SUKA KARKATA

Ƙiyasi iri uku ne: wanda ya gaza lambar, da wanda ya ɗara ta, da wanda ke kewaye da ita. Hausa tana bambanta "kusan ɗari" da "ɗari da 'yan kai" da "wajen ɗari". Ga takwarorinsu:

Ƙasa da lamba: casi cien (kusan ɗari), un kilo escaso (kilo guda da ƙyar).
Sama da lamba: cien y pico (ɗari da 'yan kai), una hora larga (awa guda har da ɗoriya).
Kewaye da lamba: unos cien, alrededor de cien, aproximadamente cien, más o menos cien.
Wajen lokaci: a eso de las cuatro, hacia las cuatro (wajen ƙarfe huɗu).

Alal misali, hasken rana yakan ɗauki minti 8 da daƙiƙa kimanin 19 kafin ya iso duniya. Saboda haka "ocho minutos y pico" daidai ne, "casi ocho minutos" kuwa kuskure ne. A lura cewa "unos" na canzawa da jinsi: unos cien kilos, amma unas seis semanas (wajen mako shida).

Ga wasu tagwayen jimloli da ke kayar da masu koyo:

(a) No tengo más de cien sacos.
Buhunan da nake da su ba su wuce ɗari ba. (Suna iya zama tamanin.)

(b) No tengo más que cien sacos.
Buhu ɗari kawai gare ni. (Ɗari ne cif, kuma ina ganin sun yi kaɗan.)

7. TARKUNA HUƊU

Na farko, "billón" ba biliyan ba ce. A Sifaniyanci "billón" miliyan sau miliyan ce, wato 1 da sifiri 12, abin da muke kira tiriliyan. Biliyan ɗinmu "mil millones" ce. Yawan mutanen duniya, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ya kai biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022, "ocho mil millones" ne. Nisan da haske ke ci a shekara guda kuwa, kimanin kilomita tiriliyan 9.5, shi ne "9,5 billones de kilómetros". Wanda ya rikita su ya yi kuskure ninki dubu.

Na biyu, waƙafi da ɗigo. A Sifaniya da Ajantina da Kolombiya ana rubuta 9,5 inda mu muke rubuta 9.5, kuma bisa al'ada 1.500 a wurinsu dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Meziko kuwa irin namu take bi. Kafin ka karanta lamba, ka san daga wace ƙasa takardar ta fito.

Na uku, "quince días", kwana goma sha biyar, mako biyu ake nufi da ita, "ocho días" kuma a wurare da yawa mako guda. Dalili shi ne ana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san irin wannan ƙirga.

Na huɗu, "hasta" ta mutanen Meziko. A ko'ina "hasta" na nufin har. Amma a Meziko da Amurka ta Tsakiya in aka ce "La tienda abre hasta las nueve", sau da yawa ana nufin sai ƙarfe tara kanti zai buɗe, alhali Basifaniye zai fahimci cewa kanti yana buɗe har zuwa tara. Bahaushe yana da sa'a a nan, domin yana da "har" yana da "sai". Abin da ya rage masa shi ne ya tambaya wacce ake nufi, tambaya kuwa rabin ilimi ce.

JARRABA KANKA

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Babura ya sami wannan saƙo daga mai sayen zoɓo a Meziko. Lambobin da ke ciki na darasi ne kawai. Ka ware kowace jimla: ƙiyasi ce, ko zato, ko sharaɗi, ko iyaka, ko lokaci?

1. El contenedor viene a llevar doce toneladas.
2. El viaje debe de durar unas seis semanas.
3. La flor debe llegar seca y limpia.
4. No pagamos más de la mitad por adelantado.
5. El barco sale hasta el lunes.

Amsoshi: (1) Ƙiyasi: kwantena takan ɗauki kimanin tan 12. (2) Zato: da alama tafiyar za ta ci wajen mako shida, saboda haka kada a ci bashi da niyyar biya ranar da mako na shida ya cika. (3) Sharaɗi: dole zoɓo ya isa a bushe, babu datti, wannan ita ce jimlar da in aka saɓa mata za a iya ƙin karɓar kaya. (4) Iyaka: kuɗin kafin alƙalami ba zai wuce rabi ba, yana ma iya gazawa. (5) Lokaci: tun da daga Meziko saƙon ya fito, sai ranar Litinin jirgi zai tashi.

Yanzu ka juya waɗannan zuwa Sifaniyanci: (a) Buhu yakan kai kimanin kilo ɗari. (b) Malam zai yi shekara arba'in. (c) Saura kaɗan in faɗi.

SHAWARA GA MALAMAI

Ana iya haɗa wannan darasi da na lissafi ko na kimiyya, ko da malami bai ƙware a Sifaniyanci ba. A kawo tiyar gero da sikeli cikin aji. A raba allo gida uku: zato, ƙiyasi, awo. Ɗalibin farko ya faɗi nauyin kafin a buɗe mazubin, da "debe de pesar". Na biyu ya ɗaga ya ji a hannunsa, ya faɗa da "viene a pesar". Na uku ya ɗora a sikeli ya ce "pesa". A rubuta kowace jimla da Hausarta a ƙarƙashi. Daga nan a sa ɗalibai su lissafa tazarar da ke tsakanin ƙiyasi da awo cikin ɗari.

Ana iya maimaita wannan da lambobin da ke cikin littattafansu. Gudun haske a sarari mita 299,792,458 ne a daƙiƙa, saboda haka cewa kilomita 300,000 ya kauce da kimanin kashi 0.07 cikin ɗari kawai. Haka 22/7 da ake amfani da ita wajen lissafin da'ira ta ɗara ainihin lambar da kimanin kashi 0.04 cikin ɗari. Da wannan ɗalibi zai gane cewa ƙiyasi ba laifi ba ne a kimiyya, muddin an faɗa cewa ƙiyasi ne, an kuma san girman kaucewarsa.

KAMMALAWA

A wannan darasi mun ga cewa Sifaniyanci yakan ɓoye alamar ƙiyasi a cikin aikatau: "venir a" tana ba da kimanin, "llegar a" tana ba da iyakar sama, "deber de" da lokaci mai zuwa suna ba da zato, "estar a punto de" kuma tana nuna saura kaɗan. Mun kuma ga cewa kusan kowace ɗaya tana da takwara a Hausa, saboda haka hanya mafi sauƙi ga ɗalibinmu ita ce ya tashi daga Hausa kai tsaye, ba sai ya bi ta Turanci ba. Duk lokacin da ka ci karo da lamba a cikin jimla, koma baya ka dubi aikatau ɗin da ya gabace ta kafin ka rubuta ta a littafinka. Muna fatan malamai za su gwada aikin tiya da sikeli a azuzuwansu, ɗalibai kuma su tattaro wasu hanyoyin ƙiyasi da suke ji a bakin iyayensu a gona da kasuwa, su nemo takwarorinsu a Sifaniyanci.